Tambaya: yaya zan riƙa ajiye bayanan motar lantarki a Home Assistant ba tare da sun bi ta sabar kamfani ba?

Sabon_Shiga:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah tambaya gare ni ga waɗanda suka riga mu nisa a wannan harkar. Ina da Home Assistant, manhajar nan ta sarrafa na'urorin gida, a gida a kan ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi, shi ke kula min da fitilu da fanka da kyamarar ƙofa da inbatar sola, komai a cikin gida yake ko intanet ta ɗauke yana aikinsa, toh yanzu kuma motar lantarki ta shigo hannu shi ne nake so ita ma in jona ta ciki. Abin da nake so in riƙa gani ba wani mai yawa ba ne: kashi nawa batir yake, wuta nawa ta sha a kowane caji, kilomita nawa aka yi, sannan in da hali lafiyar batirin kansa saboda in ga yadda yake raguwa shekara da shekara, dan ranar da mutum zai sayar ya zama yana da abin nunawa ba wai surutun baki kawai ba.

Matsalar ita ce manhajar da kamfanin ya ba mu, ba sai na kama suna ba, tana nuna kaɗan daga cikin waɗannan amma tarihin nata gajere ne, ba ka iya fitar da shi zuwa fayil, kuma kafin ka fara amfani da ita sai ka danna ka yarda da wata doguwar takarda da ta ce za su iya tattara inda kake da yadda kake tuƙi su raba da "abokan hulɗarsu", su waye abokan hulɗar oho. Na ga akwai haɗin da mutane suka rubuta na motoci daban daban a HACS, wato rumbun ƙarin manhajojin Home Assistant da jama'a ke rubutawa, amma da na duba sai na ga duk sunan shiga da kalmar sirri na asusun kamfani suke nema, kenan dai ta can bayanan ke biyowa ko? Ni so nake daga mota zuwa gidana kai tsaye. Zai yiwu kuwa ko dai mafarki nake? Na gode Allah ya bar zumunci.

Injiniya_CAN:

Wa alaikumus salam ɗan uwa, ba mafarki kake ba, kuma ka fahimci abin daidai. Waɗancan haɗe-haɗen da ke neman asusunka abin da suke yi kawai shi ne su yi shigar manhajar waya su je sabar kamfani su tambayo, wato mota ta aika wa kamfani ta layin SIM ɗin da ke cikinta, kai kuma ka je ka roƙo kwafi. Yana aiki kam kuma shi ya fi sauƙin saitawa, minti kaɗan ka gama, amma kayan aro ba ya rufe katara, duk ranar da suka ga dama sai su canja ƙofa. Ba zato nake faɗa ba, a watan Oktoba na 2023 Mazda ta aika wa mutumin da ya rubuta haɗin motocinta takardar lauya ta ce ya taka haƙƙin mallakarta, aka cire manhajar daga shafin GitHub inda take ajiye, Home Assistant ma dole ta cire haɗin, mutanen da suka gina abubuwa a kai suka wayi gari babu. Tesla kuma nata salon daban, ta koma tsarin Fleet API wanda ake lissafa maka kuɗi gwargwadon yawan tambayar da ka yi wa motarka. Ko TeslaMate, manhajar ajiye tarihin motar Tesla da mutane ke yabo, kuma ya cancanci yabon dan a injinka yake ajiye komai da Postgres da Grafana, shi ma asalin bayanan daga sabar Tesla yake janyo su.

Hanyar da kake nema tana ƙarƙashin sitiyari. Leƙa wajen gwiwarka za ka ga wani soket mai ramuka 16 mai kamar an ɗan matse gefe ɗaya, shi ne OBD-II, wanda makanikai ke soka kwamfutarsu, tun 1996 aka wajabta shi a Amurka daga baya Turai ta bi. Ta nan ake magana da layin CAN na motar, wato layin da kwamfutocin cikinta ke magana da juna ta kansa, kuma kwamfutar da ke kula da batir tana amsawa in ka iya tambayarta. Akwai ɗan na'ura da ake kira WiCAN, ESP32 ne a cikinsa kuma manhajarsa a buɗe take kowa zai iya karantawa, ka soka shi ka ba shi Wi-Fi ɗin gidanka, da ka shigo ka faka sai ya kama ya fara turo kason caji da zafin batir da ƙarfin wutar ƙwayoyin batir da lambar kilomita ta MQTT, wato hanyar da ƙananan na'urori ke aika saƙo, kai kuma ka girka Mosquitto, sabar MQTT kenan, a Home Assistant ya karɓa. Babu asusu, babu sabar kowa. In kana so ka riƙa samun bayani ko motar tana kan hanya toh OVMS ne naka, wani ɗan na'ura ne shi ma da ake jona wa mota, shi yana da nasa modem da GPS ka sa masa SIM ɗinka, kuma za ka iya nuna masa sabar MQTT taka maimakon ta jama'a, ya daɗe yana aiki da irin su Nissan Leaf da Renault Zoe da Kia Soul da e-Niro.

Amma ga inda gizo ke saƙar. A motar fetur tambayoyin OBD iri ɗaya ne ko'ina saboda dokar hayaƙi ce ta kawo su, a motar lantarki kuwa bayanan batir kowane kamfani da nasa lambobin kuma ba sa wallafawa, mutane ne ke zama suna gwadawa har su gano. Misali a Hyundai da Kia da yawa adireshin kwamfutar batir 7E4 ne, ka tura mata 220101 ko 220105 ta dawo maka da dogon layin lambobi sai ka san wane ne a ciki kason caji wane ne lafiyar batir, a wata motar kuma wannan tambayar ko kallo ba za ta samu ba. Shi ya sa kafin ka sayi komai ka fara duba jerin motocin da aka riga aka yi wa fayil ɗin saiti, da irin motarka da shekararta, dan ko shekara ɗaya ta bambanta abin na iya canjawa. Wasu sababbin motoci ma an sa musu mai gadi tsakanin soket ɗin da sauran layin, yana barin wasu tambayoyi yana hana wasu.

Sai maganar ƙaramin batir na 12V, wannan kar ka yi wasa da ita. Rami na 16 a soket ɗin kullum da wuta ko motar a kashe take, kuma duk lokacin da na'urar ta yi tambaya tana iya tayar da kwamfutocin motar daga barci, in ta yi ta yi dare da rana sai ka fito da safe babban batir cike taf amma mota ta ƙi ko buɗe ƙofa saboda ƙaramin ya mutu. Ka kunna saitin barci, idan wutar ƙaramin batir ta sauko ƙasa da wajen 13V alamar motar a kashe take kuma ba ta caji, na'urar ta yi shiru. Wasu motocin ma ƙararrawar ɓarayi ke tashi in aka taɓa layin bayan an kulle, ka gwada da rana kana tsaye kafin ka bar shi ya kwana.

Maman_Sola:

Injiniya ya yi bayani Allah ya ƙara basira, amma ni da za ka ji tawa ƙanena da ba ta mota za ka fara ba, ta bango za ka fara. Rabin tambayoyinka wato wuta nawa ta sha da nawa ya ci maka, ba a cikin mota amsar take ba, a wayar da ke zuwa caja take. Mota tana gaya maka abin da ya shiga batir ne, mita kuma tana gaya maka abin da ka biya, kuma ba ɗaya ba ne saboda wajen juya wutar gida zuwa irin wadda batir ke sha akwai asara, ga kwamfutocin motar da ke kunne duk tsawon cajin, ga sanyaya batir ko ɗumama shi. Ka ɗauka batirinka 60 kWh ne ka ɗaga shi daga kashi 30 zuwa 80, a lissafi 30 kWh kenan, amma mita za ta iya nuna maka 33, in kuma da ƙaramar cajar nan ta soket kake yi a hankali asarar ta fi haka saboda motar ta fi daɗewa a farke.

Abin da nake amfani da shi mitar Shelly ce mai ɗan maƙalen nan da ake rungume waya da shi, Home Assistant na ganinta kai tsaye a cikin gida kuma za ka iya kashe mata haɗin sabarsu gaba ɗaya. A kira mai gyaran wuta ya sa, ba aikin gwaji ba ne. Kuma a lura maƙalen waya ɗaya tak ake sa wa, mai wutar, in aka rungume kebul ɗin duka sifili za ka gani, sannan akwai 'yar kibiya a jikinsa in aka juya ta baya lambobin za su fito da alamar ragi kamar motar ce ke ba gidan wuta. Daga nan sai ka saka ta a allon makamashi na Home Assistant a matsayin na'ura mai zaman kanta, ka ƙara utility_meter ya riƙa yanka maka na rana da na wata.

Abu ɗaya da zan roƙe ka, kar ka ce za ka yi wayo ka sa ƙaramin fulogin nan mai auna wuta a tsakanin soket da caja. An rubuta 16A a jikinsa gaskiya ne, amma an yi shi ne dan butar shayi da ke minti uku ta mutu, ba abin da zai ja wuta awa takwas ba hutawa ba, zafi yake tarawa a ƙafafunsa har robar ta fara canja kala.

In kuma ba ka riga ka sayi cajar bango ba toh ka nemi wadda ke magana a cikin gida, ko dai OpenEVSE ko go-e ko duk wadda ke jin OCPP 1.6, yaren da caja ke magana da saba da shi, kuma take barin ka canja adireshin sabar zuwa naka, wannan sharaɗin na ƙarshe ka tambaya da kyau dan wasu an rubuta OCPP a kwali amma an kulle adireshin. Tunda kana da sola ka duba evcc ma, buɗaɗɗiyar manhaja ce da aka fara a Jamus, tana kallon rarar wutar da sola ke bayarwa tana ɗaga amfiya tana saukewa dan motar ta sha rarar kawai, ni ita ce ta fi burge ni a duk harkar.

Mai_Shakka:

Ni fa ban son in zama mai ɓata biki amma akwai abin da ba a faɗa ba kuma shi ne asalin abin da ke damun mai tambaya in na karanta shi daidai. Duk wannan da aka lissafa, WiCAN ne ko OVMS ne ko mita, kwafi ne kake samar wa kanka. Ba ka hana motar aika nata ba. Modem ɗin da kamfani ya dasa yana nan yana aikinsa ko ka girka manhajarsu ko ba ka girka ba, dan haka in mutum ya soka na'ura ya ga zane mai kyau a allo ya ce shikenan na tsira, an gudu ne ba a tsira ba.

Kuma ba tsoro nake sayarwa ba. A Satumba 2023 gidauniyar Mozilla ta duba manufofin sirri na kamfanonin mota 25, duka 25 ɗin suka faɗi, ta ce a duk kayan da ta taɓa dubawa babu rukunin da ya kai mota muni. A Maris 2024 jaridar New York Times ta fito da labarin yadda General Motors ke miƙa bayanan tuƙin mutane, taka birki da gudu da sauransu, ga LexisNexis da Verisk waɗanda su kuma kamfanonin inshora ke saya a wurinsu, wasu sai ganin kuɗin inshorarsu suka yi ya tashi ba su san dalili ba, har hukumar kare masu saye ta Amurka, FTC, ta shiga maganar a Janairu 2025. Sannan a Disamba 2024 aka gano bayanan motocin lantarki wajen 800,000 na rukunin Volkswagen zube a wata ma'ajiyar intanet ta reshensu Cariad ba tare da kariyar kirki ba, da yawansu har da inda suke fakawa, ƙungiyar Chaos Computer Club ce ta sanar da su. Wannan na ƙarshen ma ba sayarwa aka yi ba, sakaci ne kawai, amma ga wanda aka ga inda yake kwana da inda yake zuwa kullum ai duk ɗaya ne.

Toh me za a yi? Ka shiga saitin motar kanta a allon gaba ka kashe raba bayanai da wuri duk inda aka ba ka dama, ka janye yardar da ka bayar a asusu, in kana ƙasar da ke da doka irin GDPR, dokar kare bayanan mutane ta Turai, ka rubuta musu su ba ka abin da suka tara su kuma goge, a Tarayyar Turai ma dokar Data Act ta fara aiki tun 12 ga Satumba 2025 wadda ta ba mai na'ura haƙƙin samun bayanan da na'urarsa ke haifarwa. Akwai masu cire fis ɗin modem ko su zare eriya, ni ban ce kowa ya yi ba, saboda kiran gaggawa na lokacin haɗari ta nan yake bi, sabunta manhajar mota ta nan take bi, a wasu motocin fis ɗin ma haɗe yake da makirufo ko wani abu daban, ga maganar garanti. Kowa ya auna da kansa, kawai dai a san cewa matsala biyu ce ba ɗaya ba.

Sabon_Shiga:

Kai na gode ƙwarai wallahi, Malam Mai_Shakka ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi, gaskiya ni duk a haɗe na ɗauke su. Na shiga saitin motar na samu wurin kashe raba wuri na kashe, sai ta ce min wasu abubuwa kamar kunna sanyi daga waya za su daina aiki, na ce na ji na gani. Anti Maman_Sola zan fara da mitar kamar yadda kika ce tunda ita ba ruwanta da irin motar. Saura tambaya biyu, na farko na lura tarihin Home Assistant ɗina baya wuce kwanaki kaɗan sai ya ɓace, toh ya zan yi da maganar lafiyar batir ta shekaru? Na biyu in ina waje ina so in leƙa, buɗe ƙofar 8123, wadda ake shiga Home Assistant ta ita, a rawuta zan yi ko akwai wata hanyar?

Injiniya_CAN:

A'a dan Allah kar ka buɗe 8123 haka tsirara, balle 1883 ta MQTT wadda ba a ɓoye abin da ke bi ta cikinta, akwai injina da ba su da aiki sai zagaya intanet suna ƙwanƙwasa irin waɗannan ƙofofin, ka gudu daga kamfani ɗaya ka zo ka shimfiɗa wa duniya. Sa VPN irin WireGuard ko Tailscale wayarka ta riƙa shiga kamar tana gida, ko ka biya Nabu Casa, kamfanin da ke ba da hanyar shiga Home Assistant daga waje, wanda kuɗin ma masu gina Home Assistant ɗin yake tallafawa. In OVMS ka zaɓa daga baya toh MQTT ɗin ya bi ta 8883 da TLS mai ɓoye saƙo da kalmar sirri mai ƙarfi.

Maganar tarihi kuma ba lalacewa ya yi ba, haka aka saita shi, kwana 10 yake riƙe bayani dalla dalla sai ya share. Amma akwai ajiya ta biyu ta dogon zango wadda ke taƙaita kowace awa kuma ba a share ta, sharaɗin kawai sensar ta kasance tana da saitin da ake kira state_class, measurement ga irin su kason caji da zafi da lafiyar batir, total_increasing ga kilomita da kWh. Sensar da ka ƙirƙira da hannu ta MQTT sai ka rubuta mata wannan da kanka, in ba haka ba bayan kwana goma babu ita babu labarinta. Ga lafiyar batir taƙaitawar awa awa ta ishe ka har ta yi yawa, abu ne da ke motsi a hankali, kuma kar ka tayar da hankalinka in ka ga ya sauka yau gobe ya hau, kiyasi ne kwamfutar batir ke yi tana gyara shi musamman bayan an cika caji, layin shekara ake kallo ba na mako ba. Wanda ke son kowane daƙiƙa shi ne zai ƙara InfluxDB da Grafana. Sannan in har yanzu a katin microSD Pi ɗinka yake ka koma SSD, yawan rubutu na cinye katin, kuma ka saita ajiyar kwafi ta atomatik zuwa wani wuri daban, tun sigar 2025.1 a kulle kwafin yake fita sai dai ka adana makullin a inda ba cikin Pi ɗin ba.

Maman_Sola:

Ƙari ɗaya tunda ana maganar sirri. In ba kai kaɗai ke tuƙa motar ba, uwargida ko ƙani ko yaro, ranar da ka sa GPS a ciki kai ne ka zama kamfanin a wurinsu, duk inda suka tsaya yana allonka. Ka gaya musu kafin ka sa, ko kuma ka yi yadda na yi, a saitin recorder, wato mai ajiye tarihi, na cire device_tracker ɗin motar, mai nuna inda take, daga abin da ake ajiyewa, sai ya zama gidan ya san tana gida ko ba ta gida dan ya san lokacin fara caji amma baya riƙe hanyar da ta bi. Kilomita da kWh ba sa buƙatar taswira ai.

Mai_Shakka:

Wannan gaskiya ne Hajiya. Kuma ɗan uwa ranar da za ka kai motar sabis ka zare na'urar ka sa a aljihu, makanikai soket ɗin suke buƙata, kuma kar wata matsala da ba ta da alaƙa ta taso a ce ai abin da ka soka ne ya jawo. In ka samu fayil ɗin irin motarka ya yi aiki ka dawo ka faɗa mana waɗanne lambobi ne suka fito daidai da na allon mota, dan kason cajin da kwamfutar batir ke bayarwa sau da yawa ya ɗan bambanta da wanda ake nuna wa direba.